Daman Yana Nan

Ranar da na sayar wa Dakta Sani takardar daman ba ta taɓa fita daga raina ba. Tunda ku sababbin shiga kun dame ni da tambayar me ya sa ake kirana Abu Daman alhali sunan ɗana Yasir, to ku gyara zama. Ranar Alhamis ce, ƙarshen watan Rajab, ina cikin shekarata ta tara a wannan ma'arad ɗin namu, wato wurin sayar da motoci na hannu.

Bari in fara da tsarin aikin, don wasunku ko wata biyu ba su cika ba. Idan mutum ya zaɓi mota, ana kai ta fahas, wato a ɗaga ta sama makanike ya duba ciki da waje ya rubuta rahoto. Sai a yi ciniki, a mayar da istimara, takardar mallaka ke nan, zuwa sunan mai saye. Kafin a ba shi makulli sai a biyo da shi ta teburina. Ni a lokacin mushrif ne, wato mai kula da sashen daman. Daman da Larabci lamuni ne: ka ƙara kuɗi a kan kuɗin mota, kamfani ya yi maka alkawarin in wani abu ya lalace cikin shekara ɗaya ko biyu, shi zai gyara. Hawa uku muke da shi, azurfa, zinariya da lu'ulu'u. Bambancinsu kuwa, in kuna son gaskiya, launin bangon littafin ne da yawan kuɗin.

Littafin shafi shida ne. Ukun farko alkawura ne da manyan baƙaƙe, har da hoton wani mutum yana murmushi a gefen mota. Shafi na huɗu kuwa rubutun ƙanana ne kamar an zubar da riɗi. A can ciki aka ce kamfani ba ya ɗaukar aibin da ya riga ya kasance a jikin mota kafin saye. Da Hausarmu, abin da daman can yana nan. To ku gaya mini, a motar da ta shekara tara tana cin zafin Madina, wane aibi ne ba daman can ba?

Mudirinmu, wato manajanmu na wancan lokacin, Abu Nayif, bai ɓoye mini dalilin ɗora ni a teburin ba. Kakana daga Katsina ya zo aikin hajji a ƙasa bai koma ba, a nan aka haife ni, Hausata ta gida ce, ta cakuɗe da Larabci, amma ta isa ciniki. Ya ce, "Ya Hausawi, mutanenka ba sa karanta takarda, fuskarka suke karantawa." Ya yanka mini daman goma sha biyu a wata. Wanda ya kasa wata biyu a jere, a mayar da shi fili, ya riƙa buɗe wa masu kallo ƙofar mota cikin rana. Watan baya na kasa. Wannan watan ina da goma sha ɗaya, saura kwana ɗaya a rufe.

Dakta Sani mutumin Zariya ne. Ya zo karatu jami'a, ya yi digirinsa na dakta a fiƙihu, yana kuma koyarwa. Unguwarmu ɗaya a Jurf, sahu ɗaya muke tsayawa sallar asuba. Motar da ya ɗora wa ido baƙa ce doguwa ƙirar Jamus, kujerun fata, irin masu yi wa mutum tausa a baya. Ba don taƙama yake so ba. Malaminsa na gida, wani tsoho da suke kira Malam Babba, zai zo umara da azumi. Zuwansa na baya a wata ƙaramar mota mara sanyi Dakta ya riƙa yawo da shi, gwiwoyin tsohon suna dukan gaban mota, abin ya tsaya masa a rai.

Da na yi masa bayanin daman ranar Litinin, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Dakata, Abu Yasir. Wannan ba inshora ba ce ta sake riga? Akwai garari a ciki, mutum ya biya kuɗi a kan abin da bai san zai faru ko ba zai faru ba." Ya ɗauki littafin ya tafi ya yi bincike.

Kwana uku ana abu ɗaya. Na ji labari har zama suka yi a gidansa, shi da abokansa malamai huɗu, da shayi da dabino. Biyu suka ce haram ne, biyu suka ce ya halatta tunda a jikin cinikin motar yake. Aka sauko da littattafai daga kanta, aka kira wani shehi a waya. Mutanen da suka ƙarar da idanunsu wajen karanta hashiya, wannan ƙaramin rubutun da ake yi a gefen littattafan ilimi, wallahi babu ko ɗaya da ya buɗe shafi na huɗu. Don me? Ai ɗan'uwa ne a teburin.

Ranar Alhamis bayan la'asar ya dawo, fuska a sake. Ya ce ya rinjayar da halacci, saura tambaya ɗaya. Rahoton fahas yana gabana a lokacin, kuma na riga na ga layi na bakwai: mai yana ɗan tsattsafowa daga giya. Giyar mota nake nufi, kar wani ya kai ni gaba. Duk wanda ya yi wata shida a aikin nan ya san ma'anar wannan layin. Ranar da giyar ta tsaya, shi za a zaro a nuna wa mai mota.

Dakta ya jingina da teburin ya rage murya. "Abu Yasir, ni ban san mota ba. Riyal dubu bakwai kuka ce na zinariya, kuɗin da na ware ne na tikitin iyali zuwa gida hutu. Zan iya ɗaga musu tafiyar in abin ya cancanta. An ce mini giya ce mai cin kuɗi a irin motar nan. In aibi ya fito a giya fa?"

Na ɗaga kai na hango Abu Nayif ta bayan gilashin ofishinsa, yana jan carbi yana kallona. Na leƙa fili, rana tana dukan motoci har iska tana rawa a kansu. Sai na ji bakina ya ce, "Daman yana nan, Dakta."

Ya yi murmushi ya ce, "Alhamdulillahi." Ya sa hannu.

Kun ga abin da na yi? Shi ya ji lamuni yana nan. Ni kuma a cikina na ce ai aibin nake nufi, daman yana nan, kuma gaskiya ce tsagwaronta. Har wani daɗi na ji na iya magana. Na koma gida ina ce wa kaina ban yi ƙarya ba, harsuna biyu ne suka yi karo, ni meye nawa? Abu Nayif ya buga kafaɗata, kujerata ta tsira.

Ana tsakiyar azumi, wajen azahar, wayata ta yi ƙara. Dakta ne. Ya kai Malam Babba ziyara Badr, tafiyar kusan awa biyu daga nan. Sun kamo hanyar dawowa, daidai wasu gonakin dabino, motar ta yi wata ƙara ta daina tafiya gaba. Baya kawai take yi. Ya ce, "Abu Yasir, in na sa ta baya lafiya lau take tafiya, har da tausar." Na ce kar ya kuskura ya taho Madina da baya, zan turo saɗaha, motar da ke goya motoci. Kafin ta isa, wani manomi ya tausaya musu ya ɗauko su. Malam Babba, tsohon da aka sayi kujerar fata dominsa, a gaban akori-kurar dabino ya shigo Madina, da azumi a bakinsa, Dakta yana baya a kan kwanduna.

Washegari na kai takardun da kaina wurin jami'in da ke karɓar ƙorafin daman, ina fatan ko Allah zai sa ya yi makuwa. Ina! Minti biyu bai yi ba ya zaro rahoton fahas, ya ɗora yatsa a layi na bakwai, ya buga hatimin ƙi. Na shiga wurin Abu Nayif na ce mutumin nan maƙwabcina ne, a duba. Ya ce, "Takarda takarda ce, ya Hausawi. Ya sa hannu ko bai sa ba? Halas, magana ta ƙare."

Kwana biyu ina canza masallaci. A na uku Dakta ya same ni a teburina, ya zauna a kujerar da ya zauna ranar Alhamis ɗin. Na shirya wa faɗa, na ma fi son faɗan. Sai ya ciro littafin zinariya daga aljihu, da wani gilashin ƙara girman rubutu, ya ajiye su a gabana.

Ya ce, "Na karanta hashiyar. Laifina ne da ban fara da ita ba."

Na fara in-ina, ya tsayar da ni.

"Ba wannan ya kawo ni ba. Tun a kan kwandunan dabinon nan nake juya maganarka. Daman yana nan. Wallahi ta yi kyau, Abu Yasir. Ka san babin tauriyya, inda mutum zai faɗi magana mai fuska biyu, mai ji ya ɗauki ɗaya shi yana nufin ɗayar? Ni nake karantar da shi. Shekara biyar ina neman misali da Hausa don ɗalibanmu 'yan gida ban samu kamar wannan ba. Izini na zo nema in riƙa kawo shi a aji."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ajinsa kuwa yaran Kano ne da Sakkwato da Damagaram, waɗanda duk wanda zai sayi mota a cikinsu ko a cikin baƙinsu, wurina ake turo shi.

Ya ci gaba, murya a kwance. "Abu ɗaya ne ya ɗaure mini kai. Yadda muke koyarwa, ana yin ta ne don a tsira daga azzalumi. Na duba ofishin nan ranar, daga ni sai kai. Ni ne azzalumin?"

Kunya ce ta rufe ni, irin wadda tun ina yaro ban ji ba. Da na samu bakina ya buɗe sai na ce, "Dakta, ƙarfe nawa kake fita jami'a?"

Tun daga washegari, kullum ƙarfe bakwai ina ƙofar gidansa da tsohuwar motata. In kai shi jami'a, in wuce aiki, in dawo in ɗauko shi. Ni na kai Malam Babba filin jirgi, gwiwoyinsa suna dukan gaban mota, tsohon yana ta sa mini albarka bai san komai ba, ni kuwa kowace albarka sai in ji ta kamar mari. Na zaga tashlihi, inda ake farfasa matattun motoci, har na samo giya mai lafiya, na zuba ladan da na ci a kan daman ɗinsa na ƙara da nawa, shi ya cika. Iyalinsa dai ba su je gida ba a shekarar, wannan ban iya gyara shi ba. Sati bakwai muka yi a haka.

Ɗalibansa suna ganina kullum a bakin ƙofa. Wata rana ɗaya ya tambaye shi ko sabon direba ya yi. Ina ji ya ce, "A'a, daman ɗin da na saya ne. Na zinariya." Daga nan sunan ya bi ni, har matata in ta so tsokana da shi take kirana. Misalin kuwa yana kawo shi a aji har yau, amma bai taɓa faɗin sunana ba.

Bayan haka wata biyu a jere na kasa cika goma sha biyun, aka mayar da ni fili. Shekara ɗaya da rabi na yi cikin rana kafin Abu Nayif ya tafi a dawo da ni. Ban mutu ba, baƙi kawai na ƙara.

Ba na ce muku kar ku sayar da daman ba. Akwai motar da ya dace da ita, wadda rahotonta ya fito fes, kuma na ga waɗanda ya cece su. Amma Abu Nayif ya faɗi gaskiya guda ɗaya, mutanenmu fuska suke karantawa, kuma duk wanda ya sa hannu a teburinku ba da kamfani ya yi ciniki ba, da ku ya yi. Shi ya sa kuke ganin gilashin nan a teburina, Dakta ne ya bar mini. Duk wanda ya zauna a kujerar nan, sai na buɗe masa shafi na huɗu na ɗora rahoton fahas a gefe, na karanta masa da Larabci, na maimaita da Hausa. In ya tambaye ni giya fa, ina gaya masa wane daman nake nufi.