Korona ta same ni da suga da hawan jini

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Na daɗe ban ce uffan ba a nan, har wasu sun fara tambayar ƙanena Sabi'u ko ina raye. Ina nan. Korona ce ta kwantar da ni.

Da zazzaɓi ta fara, na ɗauka maleriya ce, na yi ta shan maganin kemis. Sai tari, sai na daina jin ƙanshin miya. Ranar da na kasa isa masallacin ƙofar gida sai da dafa bango, Sabi'u ya saka ni a adaidaita sai asibiti.

Aka ɗebi jini, aka zura min auduga a hanci, aka maƙala min na'urar auna iska a yatsa. Likita ya tambayi shekaruna, na ce na kusa sittin. Suga? Akwai. Hawan jini? Akwai. Ya kalli tumbina, bai ma tambaya ba.

Ya ja Sabi'u gefe, amma na ji. "Duk abubuwan da ke sa cutar nan ta yi kisa ya tara su. In iskarsa ta ci gaba da sauka, sai addu'a."

Wallahi na tsorata.

Aka killace ni, aka sa min oksijin. Sai da aka sayar da bijimin gida aka biya kuɗin asibiti.

Inna, mahaifiyata, ta taso daga Gwiwa a kan babur, ta ce sai ta shiga. Likita ya hana, ya ce da tsufanta ta fi ni shiga haɗari. Ni ne ɗanta na fari, ita kuma Bafulatana ce. Tunda ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai "wancan".

Ranar da jikin ya fi tsananta, nas ta kara min waya a kunne. Sai ga muryar Inna: "Abubakar, ja numfashi. Ina nan waje."

Na yi kuka, na kuma ja.

Sannu a hankali iskar ta hau, har aka sallame ni.

Masu suga da hawan jini, kada ku bari sai numfashi ya gagara. Ku je asibiti da wuri, ku faɗi duk ciwon da kuke da shi. Kada ku kai tsofaffi dubiya.

Na gode wa Allah, da likitoci, da Sabi'u, da Innata da nake ƙauna.

Jiya na tuna mata maganar wayar. Ta kau da kai ta ce wa Sabi'u, "Gaya wa wancan, zafin ciwo ne ya sa shi jiye-jiye."