Yadda Aka Hana Robon Idi Shiga Fili

Larabar farko bayan Babbar Sallah ce, a shekarar da na shiga aji uku na kwaleji a Parakou. Ranar Laraba ba a komawa lakwal, wato makaranta, da yamma, don haka muna idar da azahar ni da Idi, ɗan kawuna, muka nufi shagon Bio da ke unguwar Banikanni, aljihunanmu cike da soyayyen naman layya wanda maiƙonsa ya riga ya ɓata mana wando. Shagon siber ne, inda ake biya a zauna gaban kwamfuta, ɗaki ɗaya mai rufin kwano tsakanin mai facin taya da mai walda, fanka guda tana juyawa kamar an tilasta mata. Idi ya zauna a kujerarsa ta bakin taga, ya yi bisimilla kamar yadda ya saba, ya buɗe wasan. Sai ga robonsa tsaye a rumfar ajiya an zagaye shi da jan layi, an rubuta a ƙasa da Faransanci cewa wannan haɗi ya saɓa wa sabuwar doka, ba zai shiga fili ba. Asabar ɗin makon ne kuwa za a yi karon ƙarshe na gasar da Idi ya kai ƙungiyarmu. Har yau in na tuna jan layin nan sai na nemi tsari daga Shaiɗan kafin zuciyata ta sauka.

Wasan na faɗan robo ne, wato ƙattin mutum-mutumin ƙarfe masu tsawon bene, kowanne da mai tuƙa shi daga inda yake zaune a duniya. Ba a ba ka robo a game, kai za ka haɗa abinka. Ka zaɓi ƙafafu, ka zaɓi sulke da inji, ka rataya makamai a hannuwa da kafaɗu. Babbar doka ɗaya ce: ƙafafun da ka zaɓa suna da iyakar nauyin da za su ɗauka. In ka ƙara sulke dole ka rage bindiga, in gudu kake so dole ka haƙura da duka biyun. Wannan doka ta kwanta mana a rai, domin mu jikokin fatake ne. A gidanmu na Djougou, inda kakannin kakanninmu suka sauke huhun goro suka zauna, yaro yana tasowa yake jin manya na cewa, "Dabba ba ta san darajar kaya ba, nauyi ta sani." Muka ɗauka duk wanda ya kafa wasa a kan wannan magana mutumin kirki ne.

Abin da masu kamfanin wasan ba su taɓa sawa a ma'auninsu ba shi ne rezo, wato layin intanet. Namu na shagon Bio tafiyar hawainiya yake yi. Ka hangi abokin gaba, ka saita shi, ka danna, sai hoto ya daskare. Kafin ya dawo mutumin ya zagayo bayanka, robonka na hayaƙi. In mai walda ya tayar da injinsa kuwa, har fitilar ɗakin sai ta lumshe. Su waɗanda ke manyan biranen ƙetare abin da suka gani shi suke harbi, mu kuwa inuwar da ta riga ta wuce muke harbi. Muka sha kashi har muka gaji, aka zage mu da harsunan da ba mu ma san sunansu ba.

Mafita daga gona ta zo. Duk babban hutu na damina akan tura mu Partago, wurin kakanmu da muke kira Baba Tsoho. Da asuba mu ɗauki allo mu biya karatu a gabansa, a nan na koyi jan alƙalamin ajami wanda har yau da shi nake fara rubuta abin da ke zuciyata. Rana na fitowa sai noman kunyoyin doya, ko mu bi mata tsintar kaɗanya cikin raɓa, ko ɗebo ruwa a rafi, ko korar birai daga masara da gwangwani. Wata shekara gafiya ta addabi gyaɗar tsohon. Mu yara muka yi ta bin ta da sanduna muna faɗuwa cikin ƙaiƙayi, shi kuwa yana zaune gindin ɗorawa yana murɗa tsohuwar wayar birkin keke. Ya kai mu ya nuna mana inda ciyawa ta kwanta, da inda ƙasa ta yi santsi a bakin rami, ya ɗana tarkonsa ya koma inuwa. Ya ce, "Mai tarko ba ya tsere da nama, hanyarsa yake karantawa." Washegari da miyar gafiya muka ci sakwara. Da yammar ranar na iske Idi a bayan rumbu yana zana filin wasan a ƙasa da tsinke, yana jera tsakuwa a mashigai.

Muna komawa Parakou ya kwance duk bindigogin robonsa. Ya sa masa ƙafafu marasa nauyi, da sulke siriri kamar gwangwanin madara, sauran nauyin kaf ya cika shi da nakiyoyin da ake binnewa a ƙasa. Abin ya fito da ƙaton ciki da siraran ƙafafu. Da yake Idi taubashina ne, ba na barinsa ya huta, na ce masa, "Kai, bawana, wannan ai gafiya ka haifa." Sunan ya bi robon. Bio ya leƙo ya yi dariya har yana riƙe ƙofa, ya ce bai taɓa ganin wanda ya tafi yaƙi hannu rabbana ba. Amma nakiya ba ruwanta da saurin rezo. In ka binne ta inda ya dace, ko hoto ya daskare tana nan tana jira. Idi ya karanta kowane fili kamar gonar gyaɗa: ya san gadar da masu nauyi ba su da makawa sai sun bi, ya san lungun da mai gudu ke fakewa in an ji masa ciwo. Sai ya ruga tun farkon karo ya shuka abinsa, ya koma bayan dutse ya naɗe hannu. Mu ji dum, mu ji dum, mu tashi da ihu har masu zem, wato 'yan acaɓa, da ke jiran fasinja a waje su leƙo.

Cikin shekara guda ƙungiyarmu ta yi suna. Akwai mutanen Niamey a ciki, da na Lomé, da na Cotonou, waɗansu magidanta ne da gemu, amma duk Madugu suke kiran Idi, inda ya ce a tsaya nan ake tsayawa. A lakwal kuwa ba haka ba. Faransanci ya ƙi zama a bakinsa, ya maimaita aji bai haye ba, tafin hannunsa ya saba da bulalar malamin aji, wanda muke kira mushe. Kawu ya yanke cewa ana gama hidimar Sallah Idi zai koma Djougou ya kama aikin shagon goro, daga safe har magariba. Da ƙyar Inna, mahaifiyata, ta roƙa aka bar shi ya ƙara mako, don ya yi wannan karo na Asabar. Bayansa babu wani.

Ga yadda jan layin ya samo asali. Watanni kafin nan, wani ɗan ƙetare da Gafiya ta tarwatsa ya aiko wa Idi da saƙo. Bai yi zagi ba. Ya gaishe shi, ya yaba, ya ce don girman Allah a nuna masa yadda aka yi haɗin. Bio ya ce kada a ba shi, kowane mai sana'a da sirrinsa. Amma mu a gidan da muka tashi, baƙon da ya yi sallama ya tambayi hanya ba a karkatar da shi, kuma Baba Tsoho ya sha gaya mana cewa wanda aka tambaya abin da ya sani ya ɓoye, zai amsa tambaya a gaban Ubangiji. Idi ya ce, "Mutum ya yi sallama, Bio. Kare ne ni da zan yi masa haushi?" Ni na fassara masa, ya bayyana komai, daga irin ƙafafun har inda ake binnewa a kowane fili. Ya ƙara da yi masa addu'ar sa'a.

Mutumin ya ɗauki haɗin ya yi bidiyo da shi, ya sa masa wani suna, ya ce shi ya ƙirƙiro. Kafin wata ya zagayo filaye sun cika da gafiyoyi, a hannun mutanen da rezonsu kamar walƙiya, waɗanda ba su da wata larura da ta kai su ga tarko sai haɗama. Masu manyan bindigogi, musamman waɗanda suka sayi nasu da katin banki, suka tayar da kuka cewa wasa ya lalace. Sai masu kamfanin wasan suka zauna a inda suke zaune suka fito da doka, suka ce wai don a daidaita ne, kowa ya samu adalci. Dole kowane robo ya riƙe bindiga a hannuwansa biyu. Nakiya an ninka mata nauyi. Wadda aka binne kuma in ta ɗan jima sai ta mutu da kanta.

Wannan kalma ta daidaitawa ita ce ta fi ƙona min rai, kuma har yanzu tana ƙona shi. Duk tsawon lokacin da ake karkashe mu saboda hotonmu na daskarewa, ba wanda ya ce wasa ya karkace. Ba wanda ya zauna taro a kanmu. Sai ranar da yaron Banikanni ya samo hanyar da zai tsaya da ƙafafunsa cikin dokar da su da kansu suka rubuta, bai saci komai ba, bai ƙara ko ƙwayar nauyi a kan iyaka ba, ranar ce ma'auni ya tashi daga barci. A kasuwar Djougou in mai awo ya sauya mudu ana tsakiyar ciniki, tsofaffi kan tashi tsaye a kansa, kuma malamai sun gaya mana makomar masu irin wannan. Su waɗannan sun sauya mudun suna daga nesa, ba fuska, ba ƙofar da za ka je ka yi sallama, sannan suka rubuto cewa suna godiya da fahimtarmu. Wace fahimta? Wa suka tambaya?

A Larabar nan Idi ya sanar da ƙungiya batun jan layin. Mutanen ƙungiya suka yi ta aiko da saƙo, Madugu ka sa bindiga kawai, Madugu a gwada. Ya gwada. Ya rataya wa Gafiya bindigogi mafi sauƙin nauyi, abin da ya rage bai ɗauki nakiyar kirki ba. Ya shiga karon gwaji, ya binne 'yan kaɗan ɗin a bakin gada, suka mutu kafin kowa ya iso. Ya ɗaga bindiga, hoto ya daskare. Da ya dawo, Gafiya na kwance, wani yana tattaka ta.

Bio ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ai na gaya maka, ƙanena. Da ka riƙe bakinka."

Idi ya juyo, idonsa jajir. "Da ya sake yin sallama yau, sai na sake nuna masa. Ba ni na ci amana ba."

Ranar Asabar bayan la'asar shagon ya cika, har masu zem sun shigo sun tsaya a bayanmu. Idi ya buɗe rumfar ajiya. A gaban kowa ya kwance bindigogin, ya mayar da nakiyoyin ɗaya bayan ɗaya yadda suke tun farko, har jan layin ya dawo ya zagaye robon. Na ce, "Kai mahaukacin ina ne? Ai haka ba za su bar ka ka shiga ba." Ya ce, "Na sani. Su shiga da nasu. Wannan nawa ne." Ya sa ni na rubuta wa ƙungiya cewa su yafe masa, su sa wani a gurbinsa. Ya yi zaune yana kallon Gafiya har aka buga ƙararrawar fara karo, sannan ya rufe wasan ya miƙe. Ban tsaya ganin yadda aka ƙare ba, na bi shi. Muka taka har gida. Da sassafe Kawu ya sa shi a motar Djougou da jakarsa da tabarmarsa.

Yau Idi magidanci ne, yana sayar da goro da kaju, wato 'ya'yan yazawa, a Djougou, kuma in baƙo ya tambaye shi inda ake samun kaya mai kyau har yanzu raka shi yake yi. Ni ina unguwar Ladjifarani a Parakou ina koyar da yara karatu. Shagon Bio ya zama wurin sayar da kayan waya. Rezo ya yi sauri, 'ya'yana suna irin wannan faɗan robo a tafin hannunsu, hoto ba ya daskarewa. Kusan kowane wata sai an sauya musu doka, a raunana wannan makami, a ƙarfafa wancan da ake sayarwa. Na zuba ido in ga ko ɗayansu zai fusata, ban gani ba. Kafaɗa suke ɗagawa, su kwance, su haɗa wanda aka ce shi ke ci a makon. Ba su taɓa sa wa robo suna ba. Wani lokaci nakan gode wa Allah da ya raba su da irin ɓacin ran da muka sha, wani lokaci kuma in ji ina kewar wancan ɗaki mai zafi da ƙaurin walda, inda yaro zai iya ƙera abu da hankalinsa har ya ƙi sayar da shi da kofin gasa. Sai abin da ka gina da hannunka ake iya ƙwace maka.