Kaka Asabar da Benci na Bakwai

Ranar Asabar, tun kafin rana ta yi zafi, za ka ji ƙarar sakata a ƙofar majami'a. Ƙofar nan tana da taurin kai. Sai an tokare ta da gwiwa, an ɗaga ta kaɗan, sannan sakata ta yarda ta zare. Fasto uku sun zo sun wuce, babu wanda ya iya buɗe ta a karo ɗaya. Ita kuwa ko kallon ƙofar ba ta yi. Ta shiga, ta ajiye bokiti, ta tuɓe takalmi, ta bubbuɗe tagogi, ta yi shara, sannan ta zaro tsumma daga kafaɗarta. Shekara talatin da takwas ke nan. Yara ne suka sa mata suna Kaka Asabar. Yaran sun girma, sun haifi nasu, sunan yana nan daram.

Babu wanda ya ɗora mata aikin. Mijinta kafinta ne, shi ya haɗa bencunan majami'ar da hannunsa, guda ashirin da huɗu, goma sha biyu a kowane gefe. Ranar da aka jera su, ya kakkaɓe hannu ya ce mata, "To, na yi nawa, saura mai gogewa." Wasa yake yi. Ita ba ta ɗauke shi wasa ba. Yau shekara goma sha tara da rasuwarsa, kuma har watan jiya bencunansa ba su taɓa wayar gari ranar Lahadi da ƙura ba.

Kaka Asabar ba ta iya karatu ba. Wasu suna da takardar da suke rubuta sunayen waɗanda suke yi wa addu'a. Ita bencunan ne takardarta. A majami'armu kowa da wurinsa. Ba wanda ya raba, ba wanda ya rubuta, amma ka zauna a wurin wani ka sha harara har a tashi. To haka ta haddace mu. Tana goge wurin mutum tana kiran sunansa a gaban Ubangiji, da ciwonsa, da rigimar gidansa, da ɗansa da ya yi nisa. Daga bencin baya take farawa ta yo gaba. Uwar mawaƙa, ƙawarta tun suna amare, ta taɓa tambayarta dalili.

Ta ce, "Na gaba suna kusa da fasto, yana ganinsu. Na baya wa suke da shi?"

Ƙarƙashin benci ma karanta shi take yi. Akwai wani magini, gwauro, da yake zama a benci na goma. Kowane mako takalminsa sai ya bar mata garin siminti, tana shara tana mita. Sai aka yi Asabar biyu ba ta ga garin ba. A ta uku ko tsintsiya ba ta ajiye ba, da ita a hannu ta isa ƙofar ɗakinsa. Ta same shi kwance, zazzaɓi ya cinye shi, ko ruwan sha babu a kusa. Mu ɗari biyu da wani abu muke sujada tare da mutumin nan, babu wanda ya lura ba ya nan. Tsintsiya ce ta lura. Har yau in ya gan ta sai ya ce, "Kaka, na kawo miki siminti." Ita kuma ta ce, "Ka kawo, ɗan nema, na fi son sharar da rashinta."

Wani saurayi ma ya taɓa yayyaga takardar sakamakon jarrabawarsa a benci na ƙarshe, ya tura ƙarƙashi da ƙafa. Lahadi ta zagayo ya tarar da takardar a wurin zamansa, an harhaɗa an manne, wani yankin ma a juye, don mai mannewar ba ta san sama da ƙasan rubutu ba. Ya sake zama jarrabawar.

Ke ce wannan, Kaka. Ba ki taɓa hawa bagade inda fasto ke tsayawa ba, ba a taɓa miƙa miki abin magana ba, amma rabinmu a tsummanki muka rataya ba mu sani ba.

Sai dai akwai wuri ɗaya da tsumman ya fi daɗewa a kai. Benci na bakwai, hannun hagu, gefen taga. Wurin ɗanta ne, ɗa ɗaya tilo, direban motar kaya. Shekara goma sha biyu da suka wuce matarsa ta kwanta haihuwa, abu ya zo da gardama. Kwana uku ikilisiya tana addu'a, shi yana durƙushe a wurin nan. Jaririya ta rayu, uwar ta tafi. Bayan an binne ta ya tsaya a bakin ƙofar majami'a ya ce ba zai ƙara shiga gidan da ake kira ba a amsawa ba. Kuma bai ƙara ba.

Ba wai ya lalace ba ne. Ba ya shan giya, ba ya faɗa, bai bar uwarsa da yunwa ba. Kaka ce ta goya yarinyar, ta yaye ta, ta koya mata durƙuso kafin ta koyi tafiya sosai. Duk Lahadi shi yake kawo su a gaban motarsa, ya sauke su a bakin hanya, ya kwantar da kujera ya rufe fuska da hula har a tashi. Dattawa sun je masa, fasto biyu sun je masa. Ya ba su wurin zama, ya ba su ruwa, ya raka su. Uwarsa ce kaɗai ba ta taɓa yi masa wa'azi ba. In ta daɗe tana dubansa, sai ya ce, "Mama, kada ki fara."

"Na fara me? Maɓallin rigarka nake kallo, ya kusa tsinkewa."

Amma duk Asabar sai ta goge wurinsa, ta ajiye littafin waƙoƙinsa a kai. Duk Lahadi bayan an tashi ta ɗauke. Ko an cika maƙil, ba mai zama a wurin. Ba hanawa aka yi ba, kunya ce.

Bana gwiwoyinta suka ƙi. Ido ya yi hazo, kunne ya yi nauyi. Aikin da take gamawa kafin tsakar rana ya koma kai ta har yamma. Matasan ikilisiya suka gani, tausayi ya kama su, suka yi shawara ta alheri. Wata Lahadi shugaban matasa ya miƙe da fara'arsa ya sanar cewa an samo kujerun roba farare, marasa nauyi, masu sauƙin wanki. Tsofaffin bencuna za a kai wa wata ƙaramar ikilisiya da ke zama a kan tabarmi. "Domin Kakarmu ta huta!" in ji shi. Aka yi tafi. Ita ma ta tafa.

A hanyar gida uwar mawaƙa ta zungure ta. "Ke, an yi miki gata kin tsuke baki kamar wadda aka ɗura wa magani."

"Kujerun nan, in an tashi, tara su ake yi a kan juna?"

"Haka ake yi mana."

"To in an sake jerawa, wacce ce ta wa?"

"Ta kowa ce, tsohuwa."

Kaka ta yi tafiya kaɗan. Ta ce, "Ta kowa. To."

Yaran nan ba su san sun kwashe mata takarda ba. Kuma ba rashin aikin ne ya dame ta ba. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne, in wata rana ɗanta ya tako ƙofar nan, ina zai nufa? Muddin bencin yana nan, akwai wurin da yake jiran sa. In aka ɗauke, ya zama baƙo kamar kowa, ita kuma ba ta da inda za ta ajiye sunansa.

Kwashe benci ashirin da huɗu sai da mota, kuma motar kaya ɗaya ce shugaban matasa ya sani, ta ɗan Kaka. Yana ƙaramin yaro lokacin da abin ya faru, bai san komai ba. Ya je kai tsaye ya ce, "Yallaɓai, aikin rabin awa ne, mu za mu fito da su, kai dai ka tsaya a waje." Direba ya yarda.

Ranar Asabar direba ya zo a kan lokaci. Matasa kuwa, kamar kullum, ko ɗaya bai iso ba. Ƙofa a buɗe. Uwar mawaƙa tana can wajen bagade tana ninke labule, ita ta ga abin da ya faru, ita ta ba mu labari. Kaka ta zo yin gugar ƙarshe. Da can da raɗa take yin addu'arta, amma tun da kunnenta ya yi nauyi ba ta san muryarta tana fita ba. Direba ya jingina da jikin ƙofa daga waje, yana jin ta tana tahowa daga baya, benci bayan benci, mutum bayan mutum, da magini, da mai ciwon ƙafa, da wadda mijinta ya daina yi mata magana. Har ta iso na bakwai. Ta dafa ta zauna a ƙasa, don gwiwa ba ta durƙusuwa kuma.

Ta ce, "Ga na direba. Ka san shi, ba sai na yi maka bayani ba. Fushi yake yi da kai, ni kuma ban ce ba shi da dalili ba. Yau za a ɗauke wurinsa. Na riƙe maka shi shekara goma sha biyu, yanzu ban san inda zan sa shi ba. Kai ka nema masa wuri. Sannan tarin nan da yake yi da safe, ka duba mini shi, ba ya jin magana."

Uwar mawaƙa ta ce ba ta ga lokacin da direba ya tsallako ƙofar ba. Ta dai ga inuwa a kan siminti. Kaka ma inuwar ta gani, ta ɗaga murya, "Wane ne wannan ya shigo mini da takalmi a kan shara?"

"Ni ne, Mama. Bencunan na zo ɗauka."

Ta daɗe tana kallonsa. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga hannu sama ba. Ta ce, "To tuɓe takalmin."

Ya tuɓe. Ya zo ya tsaya a gaban bencin. Sauran katakon duk ya yi duhu saboda zama da gumi. Wurinsa kaɗai ya yi fari, ya yi santsi, har ya ɗan lotsa. Ba zama ne ya cinye shi ba, tsumma ne. Ya sa tafin hannu a kai, ya bar shi a nan.

Da matasa suka iso aka yi ta lodi. Ashirin da uku suka hau. Shugaban matasa ya leƙo ya ce, "Yallaɓai, saura ɗaya."

"Mota ta cika."

"Ai ga wuri nan a gefe, ko biyu ma za su..."

"Motarka ce ko tawa?"

Yaro ya juya ya nufi mota.

Washegari aka yi sujadar sallamar Kaka. Fararen kujeru reras, mutane suna ta kewaye kamar baƙi, kowa yana neman inda yake zama da. Ga benci ɗaya a gefen taga, tsoho, shi kaɗai. Kaka ta ƙi kujerar da aka tanada mata a gaba, ta zauna a kansa, magini yana gefenta. An gama waƙar farko sai aka ga kawuna suna juyawa. Direba ne, da hula a hannu. Bai dubi kowa ba. Ya san inda za shi.

Bai yi waƙa ba, bai rufe ido da addu'a ba. Amma 'yarsa ce aka ba karatun ranar, kuma bai taɓa jin ta tana karatu a gaban jama'a ba. Ta tsaya cak, ta karanta tiryan-tiryan, ko tuntuɓe babu, da irin muryar uwarta. Ya miƙa hannu ta bayan Kaka ya taɓa magini ya ce, "'Yata ce."

Magini ya ce, "Mun riga ka sani."

Kaka kuwa ba ta ji su ba. Ta dai lalubi gefenta, ta ture shi da gwiwar hannu, ta ce da ƙarfi har fasto ya ɗago kai, "Matsa, ka zauna mini a kan tsumma."

Ba za a ce ya shirya da Ubangijinsa ba, wannan tsakaninsu ne. Ya zo Lahadin da ta biyo, ya tsallake ɗaya, ya sake zuwa. Iyakar abin da muka gani ke nan.

Kaka Asabar, mai tsumma a kafaɗa, mun gode. Ke ce kika ƙidaya mu lokacin da ba mu ƙidaya juna ba. Ke ce kika koya mana cewa a gidan Almasihu ba a share wurin mutum don ya tafi. Mun yi miki kuskure da kyakkyawar niyya, kika tafa mana. Ki yafe. Allah ya sassauta miki gwiwoyin nan, ya bar mana ke.

Mu kuma da muka rage, kujerunmu ba su da suna yanzu, ba za su tuna mana da kowa ba. Sai dai mu mu tuna. Lahadi mai zuwa, kafin ka zauna, waiga ka duba wane ne ba ya nan. In ka gano, kada ka jira Asabar ta uku.

An karɓi makulli daga hannunta, an ba wani. Tsumman ne ta hana. Har yanzu tana zuwa ranar Asabar, benci ɗaya take gogewa, amma sai ta yi awa guda a kansa, don duk mutanen benci ashirin da huɗu a kansa take jera su yanzu, daga na baya zuwa na gaba. Ƙofar kuwa ba ta iya ɗaga ta kuma. Direba ne yake tokare mata da gwiwa, ya tuɓe takalmi, ya shigar mata da bokiti.