Shira'i Mai Tumbi

Ni labule nake ɗinkawa. Labule, rigar kujera, matashin majalisa na falo, wani lokaci rumfar tamfol ta masu shago. Kekena yana ɗakin ƙasa a gidanmu da ke unguwar Mansur, nan garin Harami, kuma duk layin an san ba na son dogon bayani. Ka kawo awo, ka dawo Alhamis.

Sai ga Kawu, ƙanin Ummata, ya zo daga Jidda da bandir biyu na jan yadi mai kauri da wasu takardu a naɗe. Kafinta ne. Shekara uku yana taya wani dattijo ɗan Jidda ƙera jirgin ruwa. Ya nuna min hoton a waya: kwale-kwale biyu dogaye a jere, an haɗa su da daɓen katako a tsakiya, kowanne da ginshiƙinsa a tsaye.

Na ce, "Ina injin?"

"Akwai ɗan ƙarami na shiga tasha. Tafiyar ta iska ce. Shira'i za ki ɗinka mana, guda biyu."

Shira'i shi ne zanen nan da iska ke bugawa jirgi ya tafi. Wanda na saba gani a hoto ƙyalle ɗaya ne mai kusurwa uku. Nasu irin na mutanen Sin ne: falle bakwai, tsakanin falle da falle a zura sanda a kwance, kowace sanda da igiyarta. In iska ta yi yawa a sassauta igiyar sama, ya sauko ya naɗe kansa falle-falle. Na ce ai wannan labulen ofis ne mai hawa da sauka. Kawu ya yi dariya, ya ce to labule ne, amma in bi takarda.

Sai da zai tafi na ji yana gaya wa Umma sauran maganar. Dattijon ya so ya aika a ɗinko a waje, Kawu ya tsaya kai da fata ya ce 'yar yayarsa za ta iya. Yadin kuwa wata biyu ya yi a hanya kafin ya iso. Dattijon ya ce ya yarda, amma in aka ɓata, halas, magana ta ƙare, kada Kawu ya sake tako wajen aikin.

Na shimfiɗa takardun a ƙasa, na tarar babu layi ɗaya miƙaƙƙe. Kowane falle bakinsa na sama da na ƙasa ya lanƙwasa ya yo waje. Na yi tsaki. Na san aikin maza, an durƙusa an zana, hannu ya karkace. Duk mai ɗinkin labule ya san in ka haɗa lanƙwasasshen baki da miƙaƙƙiyar sanda, tsakiyar za ta yi tumbi, mai kaya ya dawo maka da shi yana faɗa. Ban kira Kawu ba. Na ɗauko dogon katako da alli na miƙar da layukan. Rarar yadin ban yanke ba, na kalmashe ta ciki, yadda muke yi wa rigar yara don kada su girme ta. Kwana huɗu na gama shira'i na farko, sumul kamar ƙyauren ƙofa.

Kawu ya dawo, muka hau da shira'in saman gida muka baje. Ya zagaya shi sau biyu, ya juyo ya dube ni.

"Ina cikin?"

"Wane ciki?"

"Tumbin, 'yar nan! Ina tumbin?"

"Na gyara muku."

Ya nemi gindin tankin ruwa ya zauna, ya cire hula. Umma da ta biyo mu ta ce, "Ke dai kanki kamar dutsen Mina. Me zai ci ki in kin buga masa waya?"

Na ce, "Kawu, zaman nan ba zai yi komai ba. Gaya min amfanin tumbi. Wa ke son kaya mai tumbi?"

Ya ce dattijon ne ya san dalili, shi dai ya san an ce kada a taɓa. Can ya ɗago a tsorace: "Kin yanke?" Na ce ban yanke ba. Ya yi hamdala har sau uku, ya mayar da hularsa a karkace.

Na ce zan warware, amma sai na gani da idona. Na sauka na farke falle ɗaya na ɗinka shi yadda takarda ta ce. Bayan la'asar akwai iskar da ke ratsowa ta tsakanin duwatsu ta kwashe mana shanya. Muka zare bututun ƙarfen da muke ɗaure igiyar shanyar, muka zura a falle biyu, nawa shafaffe da nasu mai tumbi. Kawu ya ce kada in ba iskar baya, in tsaya ta riƙa zuwa min ta gefe, ta ɗan gaba-gaba.

Nawa ya yi ta faf-faf, yana ture ni gefe kamar cunkoson Harami. Muka ɗaga ɗayan. Ya yi faf sau ɗaya, ya cika, ya yi shiru. Sai na ji bututun yana ja na, kuma gaba yake ja na, kusan wajen da iskar ke fitowa. Na yi taku uku ban shirya ba.

Maƙwabciyarmu, wata 'yar Sakkwato, ta leƙo daga nata saman: "Esh hada, mene ne haka? Maƙwabta, tashi za ku yi ba sallama?"

Ban ko waiwaye ta ba. Na ce, "Kawu, sake." Muka sake har aka kira magariba. Na juya shi haka, na juya shi haka, ina neman inda jan yake farawa da inda yake mutuwa.

Kwana shida na yi ina farkewa ina ɗinkawa, har na gama duka biyun. Allura ta bar layin ramuka a yadin, na bi su da siririn ƙyalle na rufe, amma mai ido zai gani. Dattijon kuwa mai ido ne. Kawu ya ce da ya kai masa, da yatsa ya bi layin, ya tambaya, shi kuma ya gaya masa gaskiya. Dattijon ya ce to, ruwa zai yi hukunci.

Ranar da suka gwada, da hantsi Kawu ya bugo. Iska ta cika wayar, da ƙyar na ji shi: "Muna tafiya! An kashe inji!" Sai dattijon ya karɓa. Ya ce ni ce mai gyara takardar mutane? Na ce ni ce, kuma tunda na same shi, ya gaya min yadda iska ke zuwa ta gaba jirgi kuma ya nufe ta. Ya yi dariya har da tari, ya shiga bayani da Larabcin masunta, rabi na gane rabi iska ta kwashe. Ya ce in zo in gani. Na ce ba ni da ikama, takardar izinin zama, shingen bincike na hanyar Jidda ba zai bar ni ba. Ya ce to gobe zai zana min a takarda, Kawu ya kawo min in ya tashi daga aiki.