Carki a Kan Shanun Alhaji

Ban taɓa mantawa da ranar Asabar ɗin da carki ya kusa jawo mana ajali a fadamar Wamakko ba. Ku sababbin shiga kukan yi dariya idan na hana a ciro madubin hangen nesa kafin a je gaisuwa. To ga dalili.

A lokacin ina mataimakin jami'in kula da namun daji. Duk farkon damina, idan shamuwa ta dawo, mukan fita da masu aikin sa-kai ƙidayar tsuntsaye. Tsarin ba wuya: mutum biyu a wuri guda, ɗaya yana leƙawa da madubi yana faɗin abin da ya gani da babbar murya, ɗaya yana shigarwa a waya tare da alamar wurin. Abokin tafiyata a ranar Malam Bashiru ne, tsohon malamin makaranta daga Minanata, mutumin da in ya ga tsuntsu yakan manta da ciwon gwiwarsa.

Mun bar Sakkwato bayan asuba. Tsuntsu da sanyin safiya ake samun sa, don haka muka ce gaisuwar maigari sai a dawowa. Muna tsaye bakin ruwa sai ga garken shanu, balbelu na biye da su. Can Malam ya damƙe hannuna.

“Carki! Wallahi carki na!”

Carki shi ne ɗan tsuntsun nan da ke hawa bayan saniya yana cin kaska. Ya yi ƙaranci sosai, sai ka shekara ba ka gan shi ba. Malam ya saita madubi a kan garken yana kira, ni kuwa ina dannawa.

“Biyu bisa farar saniya. Guda bisa jan sa, babban nan mai ƙaho. Ka sa wurin daidai!”

Ashe akwai mai noma a bayan kalgo yana jin mu. Kuma ashe ba a daɗe da kore wa ƙauyen shanu ba, ana ta neman wanda ya tsegunta wa ɓarayi.

Ya sulale ya kira mutanen ƙauyen, kafin mu ankara an zagaye mu. Gora, adda, bindigar toka biyu. Wani ya fizge wayata ya ɗaga wa jama'a, ga taswira, ga jan ɗigo daidai inda garken yake.

“Ga shi nan! Infoma na!”

Na ciro katin aiki, aka buge shi ƙasa. “Su ma katin gare su,” in ji wani. Aka durƙusar da mu cikin laka. Na ji bakin bindiga a ƙeyata da sanyi. Duk bayanin da na yi sai ya ƙara ɓata mu, domin wa zai yarda dattijo ya baro gidansa da asuba don ya ƙirga tsuntsu? Malam kuwa salati kawai yake yi. Tsoro na ji irin wanda ban taɓa ji ba, fuskar 'yata ƙarama ce kawai ke yi mini gizo.

Ana cikin gardamar a ɗaure mu ko a gama da mu nan take, sai ga mai shanun, Alhaji Ummaru, wani dattijon falken dabbobi. Ya dube mu ba walwala.

“Mi kunka zo nema ga dukiyata?”

“Ranka shi daɗe, carki,” na ce. “Don Allah ka diba da kanka.”

Ya karɓi madubin, amma ya riƙe shi a juye. Wanda ya san abin ya san a haka komai nisa yake yi. Ya zabura.

“La ila! Sun kai shanun bayan gulbi!”

Jama'a suka yi kanmu da ihu. Na ji an ɗana kunamar bindiga. A nan Malam Bashiru ya ɗaga murya irin ta aji.

“Alhaji, birkita shi! Ta ƙaramin ido aka diba!”

Alhaji ya juya madubin. Ni dai addu'ata ɗaya, kada tsuntsun ya tashi. Ya daɗe yana kallo, sannan na ga gemunsa ya motsa.

“Ga ɗan banzan nan, yana sakuce min kunnen sa. Rabona da shi tun ina kiwon babana.”

Ya sa aka ɗaga mu, aka miƙo wayar. Amma bai yi murmushi ba.

“Shi tsuntsu na, shi sauka bisa saniyata ba sallama. Ku hwa?”

Muka ba shi haƙuri, muka kama hanyar gida. Malam bai sake fita ƙidaya ba har Allah ya karɓi abinsa, ko da yake duk damina sai ya kira ni ya tambaya ko shamuwa ta iso.

Abin da na koya shi ne, a wannan aiki babu tsuntsun da ke zaune a kan banza. Ko a gonar wani yake, ko a bishiyar wani, ko a bayan saniyar wani, kuma mai abin yana da nasa tsoron. Shi ya sa nake kai ku zauren maigari tukuna, a gaisa, a ba shi madubin ya leƙa. In carkin ya tashi kafin mu gama, ya tashi.