Gishirin Tafkin Hajiya Asabe

Cikin duk shekarun da na yi ina kula da tafkunan iyo, ranar da aka tura ni gidan Alhaji Ɗanjuma ba ta taɓa fita raina ba. Lokacin ni ne babban mai kula da tafki a wani otal a Gusau. Wata safiya a tsakiyar damina manaja ya kira ni ya ce, "Malam Sani, wani aminina ne tafkin gidansa ya lalace. Je ka duba masa."

Alhaji Ɗanjuma ɗan kasuwar hatsi ne, mutumin Tsafe. Ba don ƙawa ya gina tafkin ba. Matarsa, Hajiya Asabe, ciwon gwiwa ne ya kusa zaunar da ita, likita ya ce ta riƙa tafiya cikin ruwa. Ta fara samun sauƙi ke nan sai ruwan ya koma kore, gansakuka ta kama bango. Ta daina shiga, gwiwar ta sake sandarewa, har salla a zaune take yi.

"Ni na gaji da abin ga," in ji Alhaji. "Tifa zan kira a cike shi da ƙasa."

Na ce ya bari in gwada tukuna.

Ga waɗanda ba su san aikin ba, tafkin nasa irin na gishiri ne. Ana narka gishiri cikin ruwan, wata na'ura ta riƙa mayar da shi kulorin, maganin da ke kashe ƙwayoyin cuta. In gishirin ya yi ƙasa, na'urar sai ta tsaya. Na tsoma hannu har gwiwar hannu na ɗebo ruwa a kofi mai tsabta, na tsayar da siririyar takardar gwaji a ciki, na jira alamar ta hau. Da na gwada lambar da ta nuna da ma'aunin da ke jikin kwalbar takardun gwajin, sai ga gishiri ya yi ƙasa sosai. Ruwan sama ne ya yi ta cika tafkin yana malala, har ruwan ya salance.

Hajiya tana zaune a baranda, sanda a gefenta, tana kallon duk abin da nake yi.

"Malam, ni a miya da harshe nake gane gishiri," in ji ta. "Nan ma ba a ɗanɗanawa?"

Na yi dariya na ce, "Ranki ya daɗe, nan harshe yana ruɗin mutum. Kuma kaɗan-kaɗan ake zubawa, don in ya yi yawa ba ya fita sai an rage ruwan."

"To ai duk ɗaya ne da girki. Miƙo takardar ga in gwada da kaina. A Bungudu aka ce kake zaune, ba kullum za mu same ka ba."

Ta yi gwajin, lambarta ta zo daidai da tawa. Na goge bango, na wanke matatar ruwan, na zuba magani, sannan muka ƙara gishiri mai tsabta wanda ba a haɗa shi da komai ba. Na gaya mata duk bayan ruwa mai ƙarfi ta sake gwadawa. Kafin mako ya zagayo ana hango ƙasan tafkin.

Bayan kaka na koma duba na'urar. Na tarar da Hajiya a tsakar gida tana riƙe da tire, tana bai wa kaji tsaba. Ta ce jiya a tsaye ta yi sallar asuba, har da sujada. Alhaji yana gefe, ya riƙe hannuna ya ƙi saki.

Abin da nake gaya wa sababbin ma'aikata ke nan: kada ku ɓoye wa mai gida yadda ake gwajin don a riƙa nemanku. Ku koya masa. Ruwan da muke tacewa, wani lafiyarsa ce ke ciki.