Ɗaya-Bayan-Ɗaya Mai Guga

Bayan rasuwar maigidanta, Gwaggo ta kai kayansa wurin mai wanki da guga na bakin layi, a wanke a bayar. Ya dawo da su a goge, sai hula guda da ya naɗe daban. "Wannan ban sa mata ruwa ba, Gwaggo. Ƙamshinsa yana jiki." Tun ranar take sa shi a addu'a.

Ɗaya-Bayan-Ɗaya ake ce masa, don bai yarda gugar riga aiki ɗaya ce ba. A wurinsa bakwai ne: yayyafa ruwa, wuya, kafaɗa, hannuwa, baya, gaba, ninki. Daga tagarta tana ganinsa yana guga yana magana da kansa. Ya taɓa ƙirga takunsa tsakanin tebur da buhun gawayi, ya ga yawo ya fi gugar yawa, washegari ya jawo buhun gindin tebur.

Tela maƙwabcinsa kan ce, "Kai ko atishawa sai ka raba ta uku!"

"Huɗu ne. Ka manta alhamdulillahi."

Shekara goma sha tara yana haka, sai ciwo ya shanye masa hannun hagu. Yayansa ya zo da kwaɗo zai rufe shagon, wai mai hannu ɗaya ba ya guga. Ya ce, "Yaya, ba ni kwana uku."

Gwaggo ta ga yadda ya yi kwanakin nan. Tsohuwar riga ya shimfiɗa, yana bin ayyukan nan bakwai da hannun dama kaɗai. Yayyafi bai ba shi wuya ba. Wuyan riga ya danne da guntun bulo da ya naɗe da tsumma. Kafaɗa da gaba da baya suka bi, ko da yake ya ƙona bayan sau ɗaya. Hannun riga ne ya ƙi, yana ta zamewa, sai kuma ninki.

Rana ta uku da hantsi ya yi sallama a ƙofarta, rigar a kafaɗa.

"Gwaggo, biyar na hannuna, biyu suka gagara. Ba na son ki taɓa dutsen guga. In kin idar da walaha, ki zo ki riƙe mini bakin hannun riga, ki ninke. Yaya zai zo da la'asar, ina so ya tarar da gogaggun kaya a kan tebur."